Kunya ce ta mayar da ni ga kwalba

A wajenmu ana maganar yaran da ke shan kodin da tiramol. Ana yi a rediyo, ana yi a mumbari, tun 2018 ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Amma magidanci mai aikin ofis, mai babbar riga, wanda ba a rasa shi a sahun gaba ran Juma'a kuma ba ya kwana sai da giya a cikinsa, wannan kamar babu shi a duniya. Alhali muna nan, kuma da yawanmu. Shekaru na yi a Abuja ina wannan rayuwa: a tashi aiki, in biya ta lambun shaƙatawa ko mami, in tauna kanumfari a mota, in shiga gida in ce gajiya ce.

Abin da ya daɗe yana rufe mini ido shi ne azumi. Duk Ramadan nakan ajiye, in ce wa raina ai wanda ya iya barin abu wata guda ba bawansa ba ne. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa daren sallah nake fita kamar an kore ni ba. Har aka kai shekarar da jiki ya ƙi. Kwana biyu da ɗaukar azumi hannuna ya kama rawa, ko kofin shayi ba na iya riƙewa, gumi, amai, sai kawai na faɗi ina shure-shure. Mutanen gida suka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Da aka kai ni asibiti, likitan ya sallami kowa daga ɗakin, ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe rabonka da giya?" Shi ya bayyana mini cewa wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, rawar jiki kan fara cikin yini guda, farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, a na uku kuma wasu kan ruɗe su riƙa ganin abin da babu, kuma ana mutuwa a haka. Don Allah duk mai sha kullum da ya yi niyyar bari, ya fara ganin likita. Akwai maganin da ake ba da shi na 'yan kwanaki, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Likitan ne ya rubuta mini lambar mutanen Alcoholics Anonymous, waɗanda aka fi sani da AA, ƙungiyar mashaya masu haɗuwa suna taimakon juna su daina sha. Taron a wani ɗan ɗaki ake yi cikin harabar coci, kujerun roba, butar shayi, kwando na zagayawa kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Ba rajista, ba a tambayar sunan mahaifinka ko inda kake aiki. Sharaɗin shiga ɗaya ne, ka so daina sha. Na zauna a ƙurya ina jira a yi mini wa'azi, sai na ji wani injiniya yana faɗin inda yake ɓoye kwalba a bayan tankin banɗaki. Daidai inda nake ɓoye tawa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

A nan na samu jagora, wani dattijo Bayarabe, tsohon direban tirela da ya yi zaman Kano, Hausarsa ras. Baba nake ce masa. Shi ya ba ni labarin asalin abin: a 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka, cinikin da ya kai shi ya rushe, yana tsaye a otel ƙishin giya ya taso masa. Maimakon ya shiga mashaya sai ya kama buga waya yana neman wani mashayi da za su yi magana, har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Matakai goma sha biyu da 'yan AA ke bi don barin sha, sai a 1939 aka buga su a littafi. "Ka gani, ɗana," in ji Baba, "waya aka fara bugawa kafin a rubuta komai. Ka kira ni kafin ka sha, ko ƙarfe biyun dare ne. Bayan ka sha ba ni da abin da zan yi maka."

Na samu watanni ban sha ba. Barci ya dawo, uwargida ta fara sakin fuska. Sai wata rana ina fitowa daga ƙofar cocin na ci karo da wani ɗan garinmu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ko an sauya sheƙa ne?" Wasa ya yi, ya wuce abinsa. Ni kuwa na kwana ina juyi. Na ga maganar ta kai Zariya, ta kai kunnen mahaifiyata. Sati na zagayowa ban je ba. Na ce ai na warke, na tuba, ga salla ina yi a kan lokaci, me zan ci gaba da nema a wajen mashaya? Baba ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na tura masa saƙo cewa aiki ya yi yawa.

Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Magana ɗaya ta mutumin da bai ma san me ke damuna ba, ita na ɗora a kan lafiyata da aurena. Giya kuwa ba ta gaggawa. Aiki ya kai ni Legas, ɗakin otel, ba wanda ya san ni, ƙaramin firji cike. Na ɗauki waya, na ga sunan Baba, na ji nauyin kiran mutumin da na yi wa shiru tsawon lokaci, na ajiye. Kwalba ɗaya na ce. A taro an sha faɗa mana cewa mai komawa ba daga farko yake farawa ba, daga inda ya tsaya yake ɗorawa, na ɗauka tsoratarwa ce. Kafin wata ya ƙare na wuce inda nake a da.

Ƙarshenta maƙwabta masu dawowa daga sallar asuba suka tsince ni kwance a bakin ƙofar gidana, mota a buɗe, takalmi ɗaya. Su suka cicciɓe ni. A ranar uwargida ta kwashe yara ta tafi gidansu, a ofis kuma aka karɓe muƙamin da na yi shekaru ina nema. Ni da nake gudun mutum ɗaya ya gan ni a ƙofar coci, unguwa guda ta gan ni a ƙasa.

Da na kira Baba ban iya cewa komai ba. Ya ce, "Ka ci abinci? To shirya, asibiti za mu fara zuwa." Bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Da na koma ɗakin taron kaina a sunkuye, wani ya jawo kujera ya miƙo mini shayi, aka ci gaba.

Sai a wannan karon na yi matakan da gaske. Na huɗu, ka zauna ka rubuta halinka ba sani ba sabo. Na biyar ya fi ba ni wuya, domin cewa ya yi ka faɗa wa Allah, ka faɗa wa kanka, ka kuma faɗa wa wani mutum. Mu kuwa an tashe mu a kan cewa wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Na kai maganar wajen wani malami da na yarda da shi. Ya ce abin da aka hana shi ne alfahari da saɓo da yayata shi, amma mara lafiya da ya buɗe wa mai magani ciwonsa bai yi laifi ba. Ya tuna mini da sahabin nan da ake ta kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ya ƙara da cewa ko haramcin giya ba rana ɗaya ya sauka ba, daga Baƙara aka fara, aka bi ta Nisa'i, aka rufe a Ma'ida. Da na ji wannan tun farko, da wasan ɗan garinmu bai kore ni ba. AA ba addini ba ce, kowa da Ubangijinsa yadda ya san shi. Coci ɗaki kawai ta bayar. In suna addu'ar rufe taro nakan yi tawa a zuci, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira.

Mataki na tara shi ne gyara abin da ka ɓata, sai inda yin hakan zai cutar da wani. Na je gaban surukina na durƙusa. Ban ce sharrin Shaiɗan ba ne, ban ce abokai ba ne. Na ce, "Baba, ni mashayi ne, na cuci 'yarka, ina neman magani, ga inda nake zuwa." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ba zai tilasta mata ba, in ta ga canji da idonta za ta dawo. Ta daɗe ba ta dawo ba, kuma tana da gaskiya. Da ta dawo ma ba ta daina shinshina numfashina ba sai a hankali. Akwai taron iyalan mashaya, Al-Anon, da aka kafa tun 1951. Ta shiga wasu ta waya, ta ce a nan ta fara jin ba ita ta jawo ba.

Wanda kunya irin tawa ke riƙe da shi, ya sani tun lokacin korona a 2020 taruka da dama sun koma intanet. Kana iya shiga daga cikin motarka, kyamara a kashe, ba wanda zai ga ƙofar da ka shiga. Amma ka karɓi lambar mutum ɗaya, kuma ka riƙa kiransa tun ranar da kake lafiya lau, domin in ka bari sai ranar ƙishi, wayar nauyi za ta yi maka kamar yadda ta yi mini a Legas.

Yanzu mu kaɗan ne masu jin Hausa da muke haɗuwa bayan isha'i a shagon ɗayanmu, telan da ya fi ni daɗewa da bari. Akwai ɗan acaba, akwai malamin makaranta, akwai wanda har yanzu yana faɗuwa yana tashi. Mun roƙi kwamitin wani masallaci su ara mana ajin Islamiyya sau ɗaya a mako. Sun ce za su duba, suna tsoron abin da mutane za su ce. Mun sake rubuta musu a watan jiya, kuma za mu sake.