Godiya daga gidanmu, tun daga Kano har Haidarabad

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ni da Baba mun sauka Kano lafiya daren jiya, bayan mako biyar a birnin Haidarabad na ƙasar Indiya. Aikin idon ya yi kyau. Mutumin da na fita da shi ina riƙe da hannunsa, yau da asuba da kansa ya buɗe Alƙur'ani ya karanta izu guda.

'Yan uwa da kuka haɗa kuɗin tafiya, jama'ar masallacin unguwa da kuka yi ta addu'a, likitoci da ma'aikatan jinya, Allah ya saka da alheri. Ɗalibanmu da ke karatu a can, waɗanda suka kawo tuwon shinkafa miyar kuka ranar da Baba ya ce ya gaji da yajin biriyani, Allah ya ba ku abin da kuka je nema.

Amma akwai mutum uku da ban ma san sunansu ba, kuma saboda su na zauna rubuta wannan.

Da likita ya yarda Baba ya riƙa fita da baƙin tabarau, sai ya ce mini, "Ɗan nan, ba zan karɓi ido a ƙasar mutane in koma ban kalli komai da shi ba." Muka fara da Golkonda, tsohuwar fadar da ke kan dutse, wadda Sarki Aurangzeb ya yi wa ƙawanya wata takwas kafin ya ci ta a 1687. A ƙofar shiga akwai wurin da in ka tafa hannu, sai na can ƙololuwar dutsen ya ji. Baba ya tafa har sau uku yana dariya kamar yaro. Hawa kam bai hau ba, ya ce Dala ma ya daɗe da sallama mata.

Ranar Alhamis 28 ga Satumba 2023 mabiya addinin Hindu suka rufe bikinsu na Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa. Ta tagar masauki muka ga manyan motoci ɗauke da gumaka masu kan giwa ana kai su tafkin Husain Sagar a nutsar, ganguna kuwa har gari ya waye. Ranar ta zo daidai da 12 ga Rabi'ul Awwal, sai shugabannin Musulmin garin suka ɗage jerin gwanon Mauludi zuwa Lahadi 1 ga Oktoba, don kada taro biyu su haɗu a titi ɗaya. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Shi kuwa Baba, wanda Takutaha ba ta taɓa wuce shi ba sai da ido ya hana, ya ce Mauludin Indiya sai ya gani.

Ranar Lahadin muka tafi tsohon gari. Charminar na tsaye a tsakiya, ma'anar sunan hasumiya huɗu, Sarki Muhammad Quli Qutb Shah ya gina ta a 1591, shekarar da ya kafa birnin. Kusa da ita Masallacin Makka yake, wanda gininsa ya ɗauki sama da shekara 70. An ce da ƙasar Makka aka yi wasu tubalansa, daga nan sunan ya fito. Baba ya shafa bangon ya yi shiru, tattabaru na ta shawagi a farfajiya. Muka yi Azahar. Waje kuwa ba masaka tsinke: korayen tutoci, samari a kan babura, ana ta yabon Annabi (SAW) da harshen Urdu, ana raba abinci da abin sha kyauta.

A nan na yi kuskuren. Na ce Baba ya tsaya bakin ƙofa in ɗauko takalmana. Na juyo, babu shi. Wayarsa tana aljihuna. Ba ya jin Turanci, balle Urdu ko Telugu, ga ɗanyen aiki a idonsa. Kusan awa biyu ina zagaye Charminar ina kiran "Baba!" kamar zautacce. Ban taɓa jin tashin hankali irin wannan ba.

Ashe taro ne ya ja shi cikin Laad Bazaar, kasuwar awarwaro da ke gefe. Ƙyallin kayan ya ɗauke masa ido, ya tsaya ya dafa bango. Wani mai shago, ɗan Hindu da jan ɗigo a goshi, ya fito ya kama hannunsa, ya zaunar da shi a kujerarsa, ya juya masa fanka, ya aika aka kawo shayi da biskit. Ya yi magana, Baba bai gane ba. Baba ya mayar masa da Larabcin zaure, shi ma bai gane ba, amma ya gane Larabci ne. Sai ya tura yaronsa ya kira wani dattijo mai sayar da turare, ɗan unguwar Barkas, inda jikokin Larabawan Hadramaut suke zaune tun zamanin da kakanninsu ke aikin soja wa sarakunan Nizam, masu mulkin Haidarabad a da. Dattijon ya tambaye shi masauki. Baba ya cire hularsa, ga katin masaukin a ninke a ciki. Shekara nawa muna yi masa tsiyar ajiye takardu a hula!

Suka kira masauki, masauki suka kira ni, amma hayaniya ta hana in gane kwatance. Yaron shagon, ɗan shekara sha biyu ko kusa, shi ya kutso cikin taron ya nemo ni a bakin masallaci. Bai sha wahalar gane ni ba, don ni kaɗai ne baƙin mutum mai kaftani yana hawaye. Ya riƙe gefen rigata har shagon.

Na tarar da Baba ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cinikin awarwaro da yatsu. Ya dube ni ya ce, "Ina ka shige? Tun ɗazu muke jiranka."

Na miƙa wa mai shagon kuɗi, ya dafa ƙirji ya girgiza kai. Dattijon ma ya ƙi, har ya shafa wa Baba turare a hannu. Sai Baba ya sayi awarwaro dozin biyu na jikoki, a farashin farko da aka gaya masa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko a Kurmi. Na roƙi ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya fassara wannan saƙo ya kai musu su ukun. Allah ya saka musu, ya raya yaron nan.

Yaya, ki yafe mini kiran da na yi miki ina kuka, na san ya hana gidan nan cin abinci ranar. Inna ma na ba ta haƙuri, ta ce sai ta yi shawara.

Masu son zuwa sannu da zuwa, bayan La'asar ya fi. Likita ya hana ƙura da hayaƙi, don haka a yi mana haƙuri da turaren wuta zuwa wata guda. Jikoki mata kuma kowace ta zo da kanta, Baba ya ce sai ya gwada hannu kafin ya raba.