Batirin baya ba ya caji: yadda muke bin sawun wuta a motar zango

Sana'ata wayarin mota, kuma yawancin aikin da ke shigo wa garejina na motocin zango ne, wato bas ɗin nan da ake mayar da cikinta ɗaki, a sa gado da firji da fitilu da famfon ruwa. Irin wannan mota batir biyu take ɗauka. Na gaba tayar da inji ne kawai aikinsa, na baya kuma shi ke riƙe kayan ɗaki in an tsaya an kashe mota. Altaneta ɗaya ke ciyar da su, sai dai akwai na'ura a tsakani da ke haɗa su in inji na aiki, ta raba su in an kashe shi, don kada firji ya kwana yana zuƙar batirin gaba, gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Kukan da ake kawo mana kusan ɗaya ne. An yi tafiyar awa huɗu ko biyar, an yada zango, kafin tsakar dare firji ya ɗauke, fitilu sun dushe. Da yawa kafin su iso wurinmu sun riga sun sayi sabon batir, shi ma ya bi sahun tsohon. Don haka na kafa wa yaran gareji doka: ba a kwance batirin baya sai an tabbatar wuta na isa gare shi.

Da mita, na'urar auna wuta, ake farawa. Batirin ruwa mai lafiya, in ya huta, yana nuna bolt 12.6 ko 12.7 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. Sai a tayar da mota a auna kan batirin gaba, inda ake sa ran ganin 13.8 zuwa 14.4. Daga nan a koma baya. In na baya bai motsa ba ko kaɗan, hanya ta yanke a wani wuri: ko fiyus ya ƙone (biyu ne, ɗaya kusa da kowane batir, kuma mutane kan manta da na gaban), ko rile, wato na'urar nan da ke haɗa batiran ta raba su, ba ya kamawa. Wannan mai sauƙi ne, ba ya cin rabin awa.

Mai wahalar ita ce wutar da ke zuwa amma ba ta isowa cikakkiya. A nan ne mita ke yaudarar wanda bai ƙware ba. In ka cire waya daga kan batirin baya ka auna bakinta, za ka ga 14.2 cif, ko da zare uku kacal suka rage a cikin wayar, domin babu abin da ke jan wuta. Gaskiya ba ta fitowa sai batir na sha. Mukan bar komai a haɗe, mu kunna firji da fitilu, mu ɗora tsinken mita ɗaya a jan kan batirin gaba, ɗayan kuma, da ƙarin doguwar waya, a jan kan na baya. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya zube a hanya. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, in tsawonta mita shida ne kuma amfiya 30 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) na bi ta ciki, tana cinye kusan rabin bolt. Mai kaurin 16 ba ta wuce 0.2 ba. Rabin bolt kamar ba komai ba ne, amma batirin AGM, wato rufaffen batir da ba a ƙara masa ruwa, yana so ya ga wajen 14.4 kafin ya cika. Ba shi 13.5, ka yi ta tuƙi yini guda, ba zai ƙoshi ba, kuma batirin da ke kwana da yunwa kullum farantansa kan yi ɓawo, ya mutu tun bai tsufa ba.

Haka muke bin baƙar waya, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Masu haɗa ɗakin da kansu sukan ɗaure ta a jikin mota a kan fenti, ko a wata 'yar ƙusa da ke riƙe da katako. Akwai wadda muka kwance, muka tarar da tsatsa ja-wur ƙarƙashin wosha, robar wayar ta yi ƙanƙamo saboda zafi. Kankare fentin muka yi har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka ɗaure da noti, wuta ta daina zubewa. Yatsa ma mita ne a nan: duk mahaɗin da ya ɗau ɗumi bayan minti goma, shi ne ɓarawon.

Sababbin motoci kuma sun zo da nasu salo. Rilen da aka fi sawa yana kallon ƙarfin wuta ne, ya haɗa batiran a wajen 13.3, ya raba su in ta sauka zuwa 12.8. A tsohuwar mota ba ya ba da matsala. Amma yawancin motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Turai, Euro 6, kwamfuta ce ke juya altanetarsu. Da batirin gaba ya ɗan farfaɗo sai ta sauke wuta ƙasa da 13 don tsimin mai, in direba ya saki totur kuma ta harba ta har kusan 15. Sai rile ya yi ta ƙas-ƙas, yana haɗawa yana sakewa. A gareji, a kan silo, komai lafiya lau, shi ya sa nakan sa yaro ya zauna baya da mita mu zaga da motar. Maganinsa cajar DC-DC, wadda ke karɓar duk abin da altaneta ta bayar ta daidaita shi yadda batirin baya ke so. Kuma a irin motocin nan ba a ɗaura baƙar waya kai tsaye a kan batirin gaba, domin akwai ma'auni a wurin da kwamfutar ke karantawa. A jikin mota ake ɗaurewa.

Wanda ya cire batirin ruwa ya sa na litiyom ya bar tsohon rile, shi ma yana hanya. Litiyom yana hutawa ne a 13.2 ko 13.3, sama da inda rile ke sakewa, don haka batiran na iya kwana a haɗe bayan an zare makulli. Ga shi da haɗama, yana iya jan abin da zai gasa siririyar waya ko ya wahal da altaneta a kan silo. Allon kariyar da ke cikinsa kuma kan ƙi karɓar caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, mai mota ya ɗauka ya lalace.

Sai duk wannan ya fita tsab muke juyowa kan batirin kansa. Mu cika shi da caja ta bango, mu bar shi ya kwana, mu ɗora masa kaya mai jan amfiya 5 mu duba agogo. Batirin ruwa mai amfiya-awa 100 ya kamata ya yi awa goma kafin ya sauko rabi. In ya faɗi cikin awa biyu, a lokacin nake ce wa mai mota ya sayo sabo.