Ina garin yake?

A shekarata ta uku a jami'a, malamin tsara birane ya ce kowa ya zaɓi gari ɗaya, ya rubuta yadda wani taron shekara-shekara ya shafi fasalinsa. Na ɗauki Monako, 'yar ƙaramar ƙasa a Turai da gari ɗaya ce kawai, da tseren motocinta na Formula 1, a zatona aikin kwana biyu ne. Na cika shafi huɗu da sunayen zakaru: William Grover-Williams da Bugatti ɗinsa a 1929, Graham Hill sau 5, Ayrton Senna sau 6. Malam ya mayar mini da takardar, ya rubuta da jan biro a gefe: "Ina garin yake?"

Raina ya ɓaci, amma na koma bincike. Ashe dalilin tseren ma yana cikin ƙanƙantar garin. Ƙungiyar masu motoci ta Monako ta nemi ƙungiyar masu motoci ta duniya ta amince da ita a matsayin ta ƙasa, aka ƙi, don gasarta ta Monte Carlo a kan hanyoyin wasu ƙasashe ake yin ta. Ƙasar ko a yau kusan murabba'in kilomita 2 ce, ina za a sami fili? Sai Antony Noghès, wani jami'in ƙungiyar, ya kawo shawarar a yi sabon tsere a titunan gari, Yarima Louis na II ya goya masa baya.

Daga nan komai ya fara haɗuwa mini. Zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne, ya hau tudu, ya bi ta ramin da ke ƙarƙashin otal, ya fito bakin tashar jiragen ruwa, inda Alberto Ascari ya faɗa teku da motarsa a 1955, ya kuma fito da rai. Akwai kwanar da dole mota ta sauko wajen kilomita 50 a awa. Ana yin zagaye 78, kimanin kilomita 260, alhali sauran tseren Formula 1 sai sun kai 305. Makonni ake yi ana kafa shinge da kujerun 'yan kallo a gaban shaguna da gidajen mutane, kuma a ranakun tseren da yamma a sake buɗe titin jama'a su wuce.

A rubutu na biyu sau ɗaya kawai na ambaci Senna. A 1988 yana kan gaba da tazara mai yawa ya bugi shinge a kwanar Portier, ya sauka daga motar, ya taka da ƙafa zuwa gidansa da ke nan kusa.