Mako na shida: injin niƙan Kawu ya shiga Python

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Makon jiya ban rubuta komai ba saboda wuta ta yi mana tsiya kwana uku, batirin kwamfutata kuma ba ya kai awa guda. A waya na ƙarasa yawancin aikin, da Google Colab, shafin da ake rubuta Python a intanet, ina latsa lamba da babban yatsa kamar mai aika saƙo.

Wannan karon, a koyon lissafin jari da Python, na bar misalan darasi na ɗauko na gida. Kawuna da ke Rigasa yana son sayen injin niƙa. Lissafinsa: inji da rumfa da kafawa naira 1,500,000. Bayan an cire mai, gyara da kuɗin yaron da zai tsaya, yana sa ran 600,000 duk shekara har shekara huɗu, sannan ya sayar da injin a kan 200,000. Ya tara ya samu 2,600,000, ya ce ribar miliyan ɗaya da dubu ɗari ke nan, me ya rage?

Na ce, "Kawu, dubu ɗari shida ta shekara ta huɗu ba ita ce dubu ɗari shida ta yau ba." Ya ce wannan ai ko yaro ya sani, wanda ya sayi buhun masara kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ya kuma saya bayansa ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa. Gaskiyarsa. Abin da kwamfutar ke yi kawai shi ne ta sa wa sanin nan lamba. Kowane kuɗin da zai shigo nan gaba sai a dawo da shi darajar yau: a raba shi da ɗaya da kason ragi, sau adadin shekarun da za a jira. In kason kashi 25 ne, naira 100 ta baɗi 80 ce a yau, ta shekara biyu kuma 64. A tara su duka, a cire jarin da aka zuba. Abin da ya saura shi ne NPV. Layi ɗaya ya ishe shi:

jimla = sum(k / (1 + r) ** t for t, k in enumerate(kudi))

A nan kudi shi ne jerin kuɗin kowace shekara, r kuma kason ragi. Jarin farko yana shiga jerin da alamar ragewa, kuma tunda Python daga sifili take fara ƙirga, ba a rage masa komai. Daidai ke nan, don yau ake kashe shi.

Abu biyu suka ci min lokaci. Na farko, wani tsohon darasi da na bi ya ce a kira npv daga cikin NumPy, wani kunshin lissafi na Python, ni kuwa sai kuskure take ta jefo min. Ashe tun sigar 1.20 ta shekarar 2021 aka fitar da lissafin kuɗi daga NumPy, aka mayar da shi wani kunshi daban mai suna numpy-financial. Ku sauke shi, magana ta ƙare.

Na biyu ya fi ban haushi. Na ce bari in gwada amsata da Excel. A kashi 20, Python ta ba ni 149,691, Excel ya ba ni 124,743. Na kwana ina zargin kaina. Washegari a cikin keke, muna tsaye a cunkoson Kawo, abin ya faɗo min: NPV na Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka har jarin yau ya rage wa daraja. Da na raba amsar Python da 1.2 sai ga lambar Excel cif. Maganinsa a bar jarin a waje, a ba NPV sauran shekarun, sannan a haɗa.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, wato wane kaso za a sa. A kashi 20 injin ya ci, da kusan dubu 150. A kashi 25 ya faɗi da naira 1,120 kacal, wato ba ci ba asara, kuma wannan ya nuna IRR ɗinsa, wato kason da NPV ke zama sifili a kansa, dab da 25 yake. Da na kira irr haka ta tabbatar. A kashi 30 asarar ta kai 130,230. Inji ɗaya, lissafi ɗaya, amsa uku.

Kawu na jin kalmar kaso ya ɗaure fuska. "Kai yaro, kuɗin ruwa kake lissafa min?" Na ce a'a Kawu, ba wanda ke ba wani bashi a nan, awo ne kawai: in ba ka sayi injin ba, me kuɗin zai samo maka a wata halastacciyar hanya? Sai na kawo masa sukuk na Gwamnatin Tarayya, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan haya kashi 16.47 a shekara. Na 2025 kuwa kashi 19.75 ne. Daga nan na ɗauko kashi 20 ɗin. To amma mai sukuk yana kwance a ɗaki, mai inji kuwa bel zai tsinke masa, dutse zai cinye, wani zai kafa nasa a layi na gaba. A ganina dole a ɗora wani abu a kai saboda wannan kasada, shi ya sa na fi yarda da 25. Ga kuma hauhawar farashi, da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 a ƙididdigar hukuma. Lissafina ya bar kuɗin shiga a tsaye shekara huɗu, alhali kuɗin niƙa kwano ɗaya ba zai tsaya ba. Wannan giɓi ne, na sani, kuma yana cutar da injin a lissafin.

Abin da ya sa Kawu ya gyara zama shi ne da na juya tambayar. Na sa Python ta riƙa rage kuɗin shekara har NPV ta zama sifili a kashi 20. Ta tsaya wajen 542,000, kimanin dubu 45 a wata. Shi kuma dubu 50 yake sa rai. Na ce, "Kawu, dubu biyar a wata ce tsakaninka da aikin banza." Ya yi shiru, ya ce 600,000 ɗin ma daga bakin wani abokinsa ya ji ta.

Mun yi da shi ranar Asabar zai kai ni wurin abokin nan a Tudun Wada, in ya yarda mu duba littafin da yake rubuta cinikin kullum. In na samu, zan mayar da lissafin wata-wata, tunda cinikin kaka da na azumi ba ɗaya suke da na tsakiyar damina ba. Wanda a cikinku ya taɓa mayar da kason shekara zuwa na wata, ya gaya min ko da tushe na 12 ya yi ko rabawa kawai ya yi da 12, don na gwada duka biyun kuma amsoshin sun bambanta.