Auna Gajiyar Malaman Nazare: Abin da Aikin Ya Koya Mana

Duk mai binciken ilimin yara 'yan shekara 3 zuwa 5 da bai duba halin da malamarsu ke ciki ba, rabin aiki ya yi. Binciken da Sharon Wolf da abokan aikinta suka yi a makarantu 240 na yankin Accra a Ghana, daga 2015 zuwa 2016, ya nuna horo da bibiya a aji sun rage gajiyar malamai, sun kuma gyara koyarwa.

A namu aikin, mun yi amfani da ma'aunin gajiyar aiki da Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981. Tambayoyi 22 ne: 9 kan gajiyar zuciya, 5 kan janye jiki daga yaran, 8 kan jin cewa aikin yana haifar da ɗa mai ido. Ana amsawa daga 0, wato ban taɓa ji ba, zuwa 6, kullum. Ba a tara makin wuri guda. Kowane kashi da lissafinsa, kuma a na ukun ƙarancin maki ne ke nuna matsala.

Wurin raba takarda aikin ya fi lalacewa. In hedimasta ne ya raba, ko yana tsaye bakin ƙofa, kowace amsa lafiya lau ce, musamman a makarantun kuɗi inda malama ke tsoron sallama. Don haka mu muke rabawa, lamba muke sawa maimakon suna, kowa ta liƙe tata a ambulan. Tsakiyar zango muke zuwa, ban da makon jarrabawa. Mun kuma ƙara tambaya ɗaya da nake ganin ta fi da yawa daga cikin sauran amfani: yaushe rabonki da albashi?

Takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an zauna a aji. Tsarin CLASS na Robert Pianta, mai auna mu'amalar malama da yara a aji, muka bi: kallo minti 20, ba da maki daga 1 zuwa 7 cikin minti 10, a maimaita har sau huɗu. A zagayen farko malama tana kaffa-kaffa, yara sun zuba wa baƙo ido. Sai a na uku ake ganin ainihin ajin. Mutum biyu ke kallo, in makinsu ya bambanta da fiye da ɗaya, su koma horo.

A ƙirga yaran da ke zaune ranar, kada a dogara da rajista. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare, kuma ba a fahimtar makin gajiya sai an ajiye shi kusa da wannan adadin.