Harsashin da ya rage a bindigar majinyaci

Lokacin da na fara aikin jinya a rundunar soja, na ɗauka iyakata allura da bandeji, batun makami kuwa na masu fita fagen daga ne. Wani dare aka kawo mana soja da rauni a ka, yana ta sambatu, bindigarsa ƙirar AK-47 tana rataye a kafaɗarsa. Na zare magazin, wato gidan harsasanta, na jingine bindigar a gefen gado, hankalina kwance. Sajan ɗinmu ya ɗauke ta, ya juya bakinta ga buhunan yashi, ya ja ƙarfen ɗana ta baya, sai ga harsashi ɗaya ya faɗo ƙasa. Bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai: "Kofur, zare magazin ba ya fitar da wanda ya riga ya hau."

Tun daga ranar, duk majinyacin da hankalinsa ya gushe sai mun raba shi da makami, mun laluba aljihunsa ko da gurneti, domin wanda ya ruɗe yana iya ɗaukar mai jinyarsa a matsayin abokin gaba.

Darasin bam ya fi wannan wuyar haɗiya. Mutum kan taso daga wurin fashewa da ƙafarsa, babu jini ko ɗigo, amma iskar fashewar ta riga ta illata huhunsa ko hanjinsa, kuma alamar ba za ta bayyana ba sai bayan sa'o'i. Saboda haka ba ma gaggawar sallamarsa. Muna duba dodon kunnensa, muna bibiyar numfashinsa. Haka kuma masu dasa bam sukan binne na biyu don waɗanda za su rugo ceto, shi ya sa ake hana mu matsawa sai masu kwance bam sun share hanya, a kuma kashe rediyo da waya kusa da abin da ake zargi.

Don nuna mana illar firgici, malamanmu sukan kawo misalin rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas da ya fashe ranar 27 ga Janairu, 2002, inda mutane fiye da dubu suka rasu, akasarinsu sun nutse ne a magudanar Oke-Afa garin gudu cikin firgici. Na fahimci hikimar tsayawa, amma har yau ban saba da jin abokin aiki yana kiran sunana daga nesa ba, alhali umarnin da aka ba ni shi ne in jira.