Tsohuwar Futaba ta tashi, guntuwar waya ta kayar mini da jirgi

Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci, domin duk abubuwan da na ji wa tsoro saboda tsufa sun yi aikinsu. Maganar ƙaramin jirgin wasa nake, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Rimot ya yi, risiba (na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgin) ta yi, injin ma ya yi. Abin da ya kayar mini da jirgi wata guntuwar waya ce tsakanin batir da makunni, wadda a ido lafiyarta ƙalau, a mita ma lafiyarta ƙalau.

A wurin 'yan gwanjo na tsinci kayan, cikin kwali ɗaya, a tarkacen da ake kawowa daga Amurka. Rimot ne na Futaba samfurin Conquest mai layi huɗu, da risibarsa R127DF, da sarbo huɗu S148, wato ƙananan na'urorin da ke motsa fiffike da jela da totur bisa umarnin risiba, da ƙaramin injin O.S. 40 FP da mai ya daskare a jikinsa. Sai tsofaffin batura da suka yi farin gari, da wani makunni mai wayoyi da babu sunan kowane kamfani a kansa, da alama mai jirgin na farko daban ya saye shi. Gangar jirgin kuwa babu. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, kuma na riga na saba tuƙa ɗan jirgin soso na zamani, don haka ina gani na san abin da ke gabana.

Da na kwance bayan rimot ɗin na ga yadda aka jera kayan ciki, ga likin dalma tsaf babu wanda ya tsage, sai na so in san su wane ne suka yi wannan aiki. Ashe da irin sana'armu suka fara. An kafa Futaba a 1948 a garin Mobara, a lardin Chiba da ke gabas da Tokiyo, shekara uku bayan an gama yaƙin duniya na biyu, kuma bawul ɗin rediyo suke ƙerawa, kwalaben gilashin nan da sai sun yi zafi kafin rediyo ya yi magana. Da taransista ta shigo, kasuwar bawul ta kama hanyar mutuwa, sai suka nemi wasu ƙofofin. A 1962 suka fara ƙera na'urorin sarrafa ƙananan jirage daga nesa. Gwanintarsu ta gilashin da aka zuƙe wa iska ma ba ta tafi a banza ba, da ita suka koma yin allon lambobin nan mai koren haske da muke gani a gaban tsofaffin bidiyo da gaban mota. Na sha riƙe irin wannan allo a teburin gyara ban taɓa kawo cewa yana da dangantaka da jirgin wasa ba.

A wancan zamani Amurkawa ne a gaba a harkar. Akwai kamfanin Kraft a Kalifoniya, mai rimot na ƙarfe ruwan gwal, wanda mai shi, Phil Kraft, shi da kansa ya ci gasar duniya ta wasa da jirgi a sama a 1967 a tsibirin Kosika. Kaya ne masu kyau, amma masu tsadar gaske. Futaba ta buɗe reshenta a Amurka a 1973, kuma sannu a hankali ita da sauran kamfanonin Japan, JR da Sanwa, suka cinye kasuwar da kaya masu araha waɗanda kuma ba sa ba da kunya. Conquest ɗin da ke hannuna ɗan wannan nasarar ne: rimot na mai koyo, marar ƙyale-ƙyale, wanda talaka zai iya saya.

Wannan tarihi ya yi mini amfani a kan teburi, domin zamanin da aka yi abu shi ke gaya maka abin da za ka duba. Nawa a zangon megahaz 72 yake, wanda Amurka ta ware wa jiragen wasa, inda ake da tashoshi hamsin daga lamba 11 zuwa 60. Turai kuwa 35 suke amfani da shi, don haka risibar da ta fito daga Ingila ba za ta ji rimot ɗin Amurka ba ko sunan kamfani ɗaya ne. Kowace tasha da kiristal ɗinta, wato ɗan abin da ake sokawa ya tsayar da na'ura a kan tashar, ɗaya na rimot, ɗaya na risiba, kuma ba a musanya su. Risibata irin mai tace sigina sau biyu ce, tana da nata irin kiristal ɗin, na mai tacewa sau ɗaya ba ya yi mata. Akwai kuma wani bambancin da ke rikita mutane: a zangon 72, kamfanonin Futaba da Hitec gefe ɗaya suke karkata siginarsu, JR da Airtronics ɗaya gefen, shi ya sa rimot ɗin JR ba ya magana da risibar Futaba ko lambar tasha ta zo ɗaya. Wayar sarbon Futaba fari ce da ja da baƙi, ja a tsakiya, da ɗan kunne a jikin soket don kada a soka a juye. Tsohon soket ɗin Airtronics kuwa wutar ba a tsakiya take ba, wanda ya haɗa su bai duba ba zai iya ƙona sarbo. Duk waɗannan na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma duka sun zo daidai.

Injin bai ba ni wahala ba. Na jiƙa shi, na wanke, na haɗa masa mai da kashi huɗu na metanol da kashi ɗaya na man zurma, ya tashi. Kamfanin O.S. ma tsoho ne, Shigeo Ogawa ya kafa shi a Osaka a 1936, kuma yanzu yana ƙarƙashin Futaba. A kiyaye metanol, guba ne, kuma wutarsa da rana da ƙyar ake ganinta. Gangar jirgi da siririn falanki da soso na yi ta, ita ce ta ci mini lokaci da kuɗi fiye da komai. Tsofaffin baturan na zubar, na sa sababbi, takwas a rimot, huɗu a jirgi. Makunnin na goge bakinsa, na gwada da mita: wuta ta shiga, wuta ta fita, bolt bai ragu ba. Na ɗaura shi.

Gwajin nisa ma na yi, yadda ake yi: eriyar rimot a naɗe, na ja da baya kamar mita talatin, komai yana amsawa. Amma injin a kashe yake, jirgi kuma a zaune a ƙasa, babu girgiza, babu iskar da ke danne fiffike.

Jirgin ya tashi da kyau, kyan da har yau nake alfahari da shi, domin rimot ne da ya girmi wasu daga cikin yaran shagona. Ya hau sama, na kewaya da shi, na karkata shi hagu ya amsa. Da na zo miƙe shi ne na ji sandar rimot ta mutu a hannuna. Na tura dama, shiru. Na ja totur baya, injin na nan yana ihu. Irin wannan tsarin, idan wuta ta ɗauke wa risiba, kowane sarbo a inda yake yake tsayawa, har da na totur. Haka ya ci gaba da karkata, hanci ya dubi ƙasa, ya sauko da cikakken gudu ya daki gona. Allah ya taimaka wurin fili ne, nesa da gidaje, babu kowa. Ganga ta tarwatse, kafiretan injin ya karye daga gindinsa, sarbo biyu haƙoransu sun zube.

A gida na haɗa abin da ya rage a kan teburi, komai ya koma aiki kamar babu abin da ya faru. Wannan ya fi faɗuwar ƙona mini rai. Na zargi kiristal, na zargi eriya, na zargi wani mai watsa sigina a kusa. Daga ƙarshe na kwashi tarkacen na kai wa maigidana, dattijon da ya koya mini gyara, wanda shi tun zamanin bawul yake sana'ar. Bai ko kalli risibar ba. Makunnin ya ɗauka, ya lanƙwasa wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kai, ka feɗe wannan kuwa?"

Na ce, "Baba, ai na auna ta, tana ba da wuta."

Ya ce, "Miƙo mini reza, ɗana."

Ya feɗe jar wayar, tagulla na ƙyalli. Ya feɗe baƙar, wato ta nagatif, sai ga cikinta baƙi ƙirin, silin na karyewa da an taɓa. Ya ƙara feɗewa gaba, haka. Har cikin makunnin, haka. Ya ɗora mata dalma, ta ƙi kamawa. Gubar tsohon batir ce. Batirin nikad, wato tsohon samfurin batirin caji, idan aka bar shi a soke shekara da shekaru ya mutu, musamman a wuri mai laima, ruɓar takan fara daga ƙafar nagatif ta bi waya ta cikin roba, ta ƙetare soket, ta shiga makunni, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta sumul. Masu wannan harka a ƙasashen waje sun daɗe da sanin cutar. Ni na zubar da batirin da ya kawo ta, amma ita tuni ta ƙaura zuwa makunnin.

Dalilin da mita ba ta kama ta ba kuwa, mita kusan ba ta jan wuta. Sili ɗaya da ya rage da rai ya ishe ta ta nuna maka cikakken bolt. Amma sarbo huɗu a sama, suna kokawa da iska, ga injin yana jijjiga komai, wutar da suke ja ta fi ƙarfin wannan sili. Abin takaici, sabon makunni kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Don haka duk wanda ya sami irin waɗannan kaya, ko na wane kamfani ne, idan dai ya tarar da tsohon batir a soke, kada ya tsaya gwada makunni da wayoyinsa. Ya yanke ya zubar, duka. Gogewa ba ta magani, yanke baki a sake liƙawa ma ba ya yi, domin ba ka san inda ruɓar ta tsaya ba. A duba cikin rimot ma, daga soket ɗin batir har zuwa allon ciki. Da na koma na feɗe nawa, na tarar ta fara hawa can ma, sai dai ba ta isa allon ba, na canja wayar gaba ɗaya. Awo kuma a yi shi da nauyi a kai: a motsa sandunan duka lokaci ɗaya, a ɗan danne sarbo da yatsa, ana kallon mita a bakin risiba, ba a bakin batir ba. Gwajin nisa a yi shi sau biyu, na biyun injin yana aiki da ƙarfinsa wani ya riƙe jirgin. Da wannan gwaji na biyu kaɗai da ya tona asirin wayar nan tun jirgi yana ƙasa.

Abokaina sun ce ai ga sakamakon wasa da tsohon kaya, in sayi na zamani in huta. Ban yarda ba, kuma ba don taurin kai ba. Gaskiya ne zangon gigahaz 2.4 na rimot ɗin zamani ya kawo sauƙi. Tun da kamfanin Spektrum ya fito da rimot ɗinsa DX6 a 2005 aka fara rabuwa da kiristal da jiran wani ya sauka kafin ka kunna, Futaba ma ta biyo da nata tsarin mai suna FASST. Sauyin ya girgiza tsofaffin gidaje, JR da ta daɗe tana goga kafaɗa da Futaba ta durƙushe a 2017, ita kuwa Futaba tana nan. Amma babu ko ɗaya cikin wannan ci gaban da zai ceci jirgina. Ko tsarin nan da ke rage totur da kansa idan sigina ta yanke, wanda Futaba ta daɗe da sa shi a wasu samfuran kayanta, sai risiba na da wuta yake aiki. Ka sa sabuwar risiba fil a bayan ruɓaɓɓiyar waya, faɗuwar ɗaya ce.

Abin da ma ya tabbatar mini da ingancin tsohon aikin shi ne risibar nan da ta daki ƙasa da wannan gudu. Na canja mata kiristal don kada ya zama ya tsage a ciki, na duba eriyarta mai tsawon kusan mita ɗaya, wadda ba a yankewa ba a kuma naɗewa, na gwada ta da injin wani abokina yana jijjiga ta, ko gezau. Sarbon da haƙoransu suka zube, na sami na wani mataccen S148 na haɗa ɗaya, kuma siginar da yake karɓa ita ce dai har yau sarbon zamani ke karɓa, bugun da ke tsakanin kashi ɗaya da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa, don haka gurbin ɗayan sabo na saya na soka ya zauna.

Yanzu ganga ta biyu tana kan teburi, na gama fiffike saura jela. Duk wata waya da ke ɗaukar wuta a cikinta sabuwa ce, ni na yanka na liƙa, na ga tagullarta da idona. Filin da zan koma ma na sake neman izini, na kuma sanar da mai unguwa, saboda a halin tsaron da ake ciki ba a tashin abu sama haka kawai. Abin da ya tsayar da ni kafireta ne na O.S. 40 FP. An daɗe da daina ƙera injin, sai dai a jikin wani tsoho, shi ya sa na bar sallahu wurin 'yan gwanjon cewa duk kwalin da suka ga ƙaramin inji a ciki kada su sayar sai na gani.